Gaskiyar Habsu Mai Muciya

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce Lantana, kakarku. Jikata Sa'a ce ke rubutawa, don ni ko baƙi ɗaya ban sani ba, kuma na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Ina cikin takabar kakanku nake wannan magana. Idona bai bushe ba, ba kuma zan ɓoye muku ba. In kun ga zancen ya yanke ya sake kamawa, kuka ne ya tare ni. Da yana raye da ban buɗe baki ba, don ni da shi ba mu bukatar faɗa: in ya dubi fuskata, na dubi tasa, magana ta ƙare. Yanzu an kai shi makwancinsa. Cikin waɗanda suka san abin, ni kaɗai na rage.

Abin da ya tayar da ni shi ne wasan da yara suka yi a tsakar gida shekaranjiya. Mushensu na lakwal, wato malamin makarantarsu, ya ce in sun koma gida su gwada wasan kwaikwayo, kowa ya ɗauki wani mutum ya zama shi. Ina ɗaki ina jan carbi na ji dariya ta cika gida. Na ɗaga asabari, sai na ga ƙaramar cikinsu ta tuɓe kallabi, ta zuba toka a ka, ta ɗauki muciyar uwarta tana kora sauran, suna gudu suna cewa ga Habsu mai muciya nan. Matan gida har da riƙe ciki. Ban ga laifin yara ba. Da haka suka ji ana tsorata su tun daga Guci har nan Dungass: yi shiru, ko Habsu mai muciya ta zo. Ba wanda ya gaya musu Habsu uwata ce, ita ta haife ni. Waɗanda suka sani kunya ta hana su faɗa. To, ni zan faɗa. Uwata ba ta taɓa hauka ba, ko na yini ɗaya. Wannan zanzanar kuma da ke fuskata, irin wadda ke fuskar kakanku, ba agana ce ta yi ta ba.

A shekarar da nake magana Nasara ba su shigo ƙasar Damagaram ba tukuna, amma saura kaɗan. Ni ina yarinya, na dai fara ɗaukar ƙaramin tulu. Muna zaune a wani ɗan ƙauye gabas da Guci, gidaje kaɗan, rijiya ɗaya, kaba da goriba ta ko'ina. Yau kufai ne. A gidanmu akwai Baba da Inna, da Iya uwar Baba, da yayata Rakiya wadda ta fara zama budurwa, da ni, sai ɗan ƙanwar Baba, maraya, wanda daga baya ya zama mijina. Sunansa na yanka kun san shi, ba sai na faɗa ba. Tun muna yara Ɗangwaggo nake ce masa, da shi kuma zan kira shi a nan.

Ku da kuka tashi yanzu ba ku san tsoron doki ba. A lokacinmu mahara ne ke faɗa wa ƙauye su kwashe mutane da igiya a wuya, su kai kasuwa. Wasu su ce daga arewa suke, wasu su ce daga kudu. Mu dai ba mu taɓa tambayar wanda ya aiko su ba. Da damina da sauƙi, gero ya fi mutum tsawo, ka faɗa ciki ka ɓace. Amma in an yi girbi, aka sare kara, ƙasa ta zama fili, ba inda yaro zai gudu doki bai cim masa ba. In shanun Filani suka tayar da ƙura daga nesa, mata su watsar da guga a bakin rijiya. In jaki ya yi kuka ba lokacinsa ba, cikin kowa ya ɗuri ruwa. A ranin nan kuwa Baba ya kora jakuna fataucin kanwa, sauran maza ma wasu sun bi ayari, wasu an kira su gayyar yaƙi. Ƙauyen ya rage daga mata da yara sai tsofaffi.

Iya ba ta iya gudu, ƙafafunta sun kumbura. Amma ita ta san mahara fiye da kowa, don tana yarinya an taɓa kama ta, danginta suka fanso ta. Wata rana bayan azahar, maƙwabta sun shiga inuwa, ta tara mu a bayan rumbu.

"Na ga yadda suke zaɓe," in ji ta. "Su duba haƙori, su duba ido, su shafa fata, kamar mai sayen akuya. Mutum biyu ne ba sa taɓawa: mai agana, da wanda iska ta buga. Agana in ta shiga igiya ɗaya ta cinye musu kaya duka. Gudu ba namu ba ne. Daga yau za mu koyi kwanciya."

Haka wasan Iya ya fara, kullum bayan azahar. Ta raba mana aiki. Ni da Rakiya masu agana ne, mu kwanta a tsohuwar tabarma. Ɗangwaggo ne mahari. Ya hau dokin kara, ya naɗe fuska da tsumma, ya shigo yana haniniya da bakinsa yana cewa ina bayina. In ya gama nasa, shi ma Iya ta kwantar da shi ya koyi namu. Da fari abin dariya ne. Ya zo ya tsaya a kaina ya zungure ni da karan.

"Wannan baiwar ai ko kaza ba za a ba ni a kanta ba. Dubi ƙafa kamar ta zakara."

"Kai ma dokinka ƙwari sun cinye masa ciki," na ce.

Rankwashin Iya ya sauka a kaina. "Mai agana tana da bakin mayar da magana? Rage nishin nan, ya yi ƙarfi, mai ciwon ba shi da ƙarfin yin sa. Saki leɓe. Kada ki rufe ido duka, ki bar fari ya ɗan leƙo."

Takan ɗiga mana fura a gefen baki don ƙuda su sauka, wanda ya kore ƙuda ya faɗi. Takan ja tsinke a tafin ƙafarmu, wanda ya motsa ya faɗi. Wanda ya faɗi kuwa ba dukansa take yi ba bayan rankwashin farko. Sai ta ce a hankali, "An tafi da kai," ta juya baya, ba ta sake yi maka magana har magariba. Ban san horon da ya fi wannan ba. Nakan bi ta ina kuka ina cewa Iya ga ni nan, ita kuwa ta dubi bayana kamar ba kowa a wurin.

Aikin Inna ya fi na kowa nauyi. Iya ta ce ƙurajen ƙarya daga nesa ne suke ruɗi. In mutum ya durƙusa ya duba da kyau, ya gane. Dole a sami abin da zai tsayar da su a bakin ƙofa. Inna ce za ta zama wadda iskar ciwon ta buga. Ku sani uwata mace ce mai sanyin murya, ko dariya za ta yi sai ta rufe baki da gefen zane. Amma ta koya. Ta kwance kitso, ta zuba toka, ta ɗauki muciya, ta riƙa hira da kaza kamar da baƙuwa. Ta koyi wata dariya mai tashi daga ciki, wadda ranar da na fara jinta na fashe da kuka na gaske. Duk da haka Iya ba ta gamsu ba, kuma ga dalili. Inna mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Rakiya 'yar farinta ce, don haka tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta kallonta ido da ido. A ɗakin Iya Rakiya ta girma. In Inna na son ta, sai ta ce mini, "Gaya wa 'yar Iya ta zo ta tankaɗe gari." Sunan Baba bai taɓa fita daga bakinta ba. Gaban Iya kuwa ba ta magana a tsaye.

"Habsu, haukanki mai ladabi ne," in ji Iya. "Kina tsalle, amma kina kauce wa tabarmata. Mahaukaciya ta san suruka? Zage ni."

"Iya, ki yi mini rai."

"Kira sunana. Kira na mijinki. Ga 'yarki nan kwance, kira ta mu ji."

Inna ta buɗe baki kamar za ta kira. Sai muka ga ta durƙusa, toka a ka, muciya a hannu, idonta a ƙasa.

"Ku dubi mahaukaciya mai durƙuso," in ji Iya.

Mu yara muka kwashe da dariya. Iya ba ta yi ba. Kullum a nan wasan ke tsayawa, kullum a nan Inna ke faɗuwa.

Inna tana da ƙawa, Asabe, gidansu na jikin namu, mai 'ya'ya mata biyu, Ladi da Kande. Ladi ce abokiyar wasana. Inna ta roƙi Iya a gaya wa Asabe ita ma ta shirya nata. Iya ta hana.

"In gida ɗaya ne, a yarda. In duk ƙauye suka kwanta rana ɗaya, ko yaro ya san shiri ne, sai su kwashe mu duka. Kuma mahara ba su san hanyar rijiyarmu ba sai an nuna musu. Mai nunawar tare muke cin kasuwa da shi. Ba wanda zai ji."

Ranar Inna ba ta ci tuwo ba.

Labarin ya zo ne a bakin wata Bafillatana mai nono. Ta ce an faɗa wa wani ƙauye ta wajen Yekuwa, ta ga hayaƙin da idonta, ba a bar kowa ba sai tsofaffi. Ko ƙwaryarta ba ta tsaya sayarwa ba. Tana fita Iya ta ce a karyo tinya daga jikin danga. Kun san tinya, nononta fari ne kamar na saniya, amma in ya taɓa fata sai ta tashi kamar an ɗiga mai mai zafi. Hannun Iya na rawa, tana tsoron idanunmu, don haka Inna ce ta riƙe tsinken. Ta fara da ni. Ta sa kaina a cinyarta, tana tsomawa tana ɗigawa, goshi, kumatu, wuya, hannuwa, tana cewa yi haƙuri uwata, yi haƙuri. Ɗangwaggo ya cije tsumma bai yi kuka ba, don kada in yi masa gori. Da aka zo kan Rakiya, Inna ta miƙa wa Iya tsinken. Iya ta ƙi karɓa. Rakiya kyakkyawa ce, fatarta kamar an shafa mai, akwai ma saurayin da ya fara kawo gaisuwa. Ta zo da kanta ta kwanta, ta sa kai a cinyar da ba ta taɓa hawa ba tun yaye. Hawayen Inna na sauka a fuskar tare da tinyar.

Washegari fuskokinmu sun kumbura, ƙuraje sun cika da ruwa, zazzaɓi na gaske ya rufe mu. Aka kafa mana bukka a bayan danga, kamar yadda ake yi wa masu agana. Ƙauye ya ɗauka gaske ne. Ba mai zuwa kusa. Asabe ce kaɗai ke kawo fura ta ajiye daga nesa, ta ɗaga murya ta ce Allah ya ba da lafiya, ta koma. Inna kuma ta fara fita rijiya ba kallabi, tana magana da guga. Mata suka ce iskar ciwon ce ta buge ta. Muka zauna jira. Wannan jiran ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Kana tsoron su zo, kana kuma tsoron kada su zo a ce an ɓata ka a banza. Rakiya ta tambayi Iya ta cikin ciyawar bukka.

"In ba su zo ba fa, Iya?"

"Sai ki gode wa Allah da fuskar da ta rage miki."

Da hantsi suka zo, lokacin da mata ke rijiya. Ina kwance kunnena a ƙasa, don haka a jikina na fara jin su kafin in ji da kunne, ƙasa na bugawa kamar ana daka a nesa. Sai ƙarar bindiga. Sai ihu daga wajen rijiya, mata na kiran 'ya'yansu, na ji muryar Asabe tana kiran Ladi, tana kiran Kande. Jikina duka ya ce in tashi in gudu. Ɗangwaggo na kwance a wajen ƙafata, ya sa yatsun ƙafarsa ya maƙale mini idon sawu, bai saki ba. Na saki leɓe kamar yadda aka koya mini. Ƙuda suka sauka. Na ji ɗumi a cinyata, na san na yi fitsari, ban motsa ba.

Ta tsakanin ciyawa na ga ƙafafun dawaki sun tsaya. Babbansu na da baƙin rawani. A gefensa wani mutum a ƙasa, ya rufe fuska, amma yana yin magana na gane shi. Tunau ne, dillalin jakuna a kasuwar Guci, abokin cinikin Baba, wanda ya sha zama a zaurenmu. Daga baya mun ji an ce ɗansa suka riƙe suka sa shi jagora. Allah ne masani. Iya na zaune a gindin danga, Inna na zagaya bukka tana dariyar nan tana dukan ƙasa da muciya.

"Su wa ke ciki, tsohuwa?" in ji mai baƙin rawani.

"Jikokina ne, ranka ya daɗe. Agana ce. Waccan uwarsu ce, tun da ciwon ya shigo ta zama haka."

Dokinsa ya ja da baya, ko shi ya ja shi. Na ce a raina mun tsira. Sai Tunau ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, gidan nan na san shi. Kasuwar da ta wuce na ga babbar yarinyar, fuskarta sumul. Matar nan kuwa duk ƙauyen ba mai hankalinta."

"To shiga ka jawo mini ɗaya in gani a rana."

Tunau ya taho. Ba da faɗa ya zo ba, da ya zo da faɗa da sauƙi. Ya sauke rawani daga bakinsa, ya yi magana a hankali, kamar yadda yake yi in ya zo gaisuwa.

"Habsu, sannu da gida. Ni ne, abokin maigidanki. Na ci tuwonki ba sau ɗaya ba. Ajiye muciyar nan, ba girmanki ba ne."

Abin da na gani a nan shi ne har yau ke tayar da ni daga barci. Dariyar Inna ta yanke. Hannunta na hagu ya tashi zuwa kanta yana neman kallabin da babu. Gwiwoyinta suka fara lanƙwasa. Babban mutum, abokin mijinta, ya gaishe ta. Jikinta zai durƙusa ya amsa tun kafin ta sani. Na ga idon Tunau ya ga abin da na gani. Na ji Rakiya ta daina numfashi a gefena.

Gwiwar na taɓa ƙasa Inna ta zube gaba ɗaya, ta yi birgima cikin turɓaya, ta miƙe da wata murya da ban taɓa ji ba. Allah ya yafe mini, dole in faɗa yadda ta faɗa. Ta nufi Iya, ta tofa mata yawu a fuska.

"Gambo! Gambo, tsohuwar mayya! Ke kika kira su, ke kika cinye mini 'ya'ya! Sale! Ina Sale? Ragon namiji, ka bi jakuna ka bar ni da kura!"

Sannan ta faɗo cikin bukka, ta kama Rakiya ta jawo ta har bakin ƙofa, inda rana ta haska rabin fuskar kawai. Ta rungume ta, ta ɗora a cinya kamar jaririya, tana jijjigawa, tana sumbatar ƙurajen, tana ihu yadda har na bakin rijiya sai da suka ji.

"Rakiya! Rakiya! Rakiyata, 'yar farina! Tashi ki sha nono, Rakiya!"

Ta murje ƙurajen da tafin hannu har suka fashe, ruwa da jini suka ɓata mata hannu, ta saki yarinyar, ta yi kan Tunau da hannuwa a buɗe tana cewa zo ka lasa, Tunau, zo ka kai wa 'ya'yanka. Tunau ya ja da baya har ya yi tuntuɓe. Fuskarsa ta canza, ba ta wasa ba.

"A'uzu billahi! Ranka ya daɗe, na janye maganata. Ba ita ba ce a jikin nan. Matar da na sani, ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta kama sunayen nan ba."

Mai baƙin rawani ya rufe hanci da bakin rawaninsa, ya tofar, ya juya doki. Na bayansa ya zabga wa Inna bulala a gadon baya yana wucewa. Ta yi dariya. Tana dariyar har ƙarar kofato ta ɓace.

Da muka fito, ƙauyen ba motsi sai hayaƙi. An tafi da Ladi, an tafi da Kande, da kusan duk wanda ke iya tafiya da ƙafarsa. Asabe an bar ta a bakin rijiya da sara a kafaɗa, an ɗauka ta mutu. Ba mu sake jin labarin ko ɗaya daga cikinsu ba. Da magariba Inna ta shiga bayan ɗaki ta wanke tokar, ta ɗaura kallabi, ta zo gaban Iya ta durƙusa har goshinta ya taɓa ƙasa.

"Iya, ki yafe mini. Don Allah ki yafe mini."

"Tashi, 'yata," in ji Iya, ita ma tana kuka. "Yau na san ɗana ya yi aure."

Inna ta tashi, ta juyo wajena, idonta bai ko bi ta inda Rakiya take ba.

"Duba ko 'yar Iya za ta sha ruwa."

Mun ɗauka wasan ya ƙare ranar. Ashe ranar ya fara. Tunau yana nan da ransa, duk kasuwa yana Guci, mahara kuma ba su daina yawo ba. In aka ga Inna garau, labari zai kai inda bai kamata ba. Don haka a cikin gida uwarmu ce, tana daka, tana kaɗi, tana salla. In za ta fita sai ta tsaya a zaure ta cire kallabi, ta ɗebi toka, ta ɗauki muciya. Amma ba Tunau ne ya fi ɗaure ta ba. Asabe ce. Da ta warke, ba ta da kowa, sai ta riƙa zuwa gidanmu da mataji don tausayi, ta zaunar da Inna ta taje mata kai, tana kuka tana ba ta labarin 'ya'yanta.

"Ke kin huta, Habsu," takan ce. "Ba ki ma san abin da ya same mu ba."

Inna kuwa dole ta zauna tana wasa da tsakuwa tana murmushi. Ta yaya za ta dubi matar nan ta ce hankalina ƙalau, na san dabarar da za ta tsirar da naki, na yi shiru? In Asabe ta tafi, Inna ta shiga ɗaki ta kifa ciki, ba ta fitowa sai gobe.

Baba ya dawo gab da damina, tun a hanya aka tare shi da labarin matarsa ta haukace, har ta zage shi da suna a gaban jama'a. Danginsa suka ce ya sake ta. Ya shiga ɗakin Iya, suka daɗe, ya fito idonsa ja. Bai sake ta ba, bai kuma yi wa kowa bayani ba. Ya karɓi sunan mijin mahaukaciya ya riƙe har ya mutu. Saurayin Rakiya bai ƙara zuwa ba. Ba don zanzanar ba, don an ce hauka na bin jini. Ta daɗe a gida kafin wani makiyayi mai kirki daga wajen Yekuwa ya aure ta. Ni kuwa Ɗangwaggo ya ce tun da ko kaza ba za a ba shi a kaina ba, gara ya riƙe abarsa. Mutane suka ce agana ce ta haɗa mu. Muka bar su a haka. Shekara da shekaru, in na yi fushi da shi, sai ya taɓa kumatunsa ya ce hannu ɗaya ne fa ya zana mu. Ranar da ya cika, kafin maza su shigo, na shafa zanen nan ɗaya bayan ɗaya. Sa'a, dakata kaɗan.

Bayan Nasara sun zo hari ya yi sauƙi, har ya ƙare. Tunau ya mutu. Amma lokacin sunan ya riga ya zauna. In Inna ta fita da kallabinta ta gaida mutane lafiya lau, sai su ce yau iskar ta kwanta, su janye 'ya'yansu. Ta ce ba za a faɗi gaskiya ba muddin Asabe na da rai. Asabe kuwa sai da ta ga ƙarshen Inna. Ita ce ma ta yi mata wanka.

A zaman makokin ne ni da Rakiya muka keɓe a bayan rumbu, wurin da muke wasan. Dukanmu mun haihu a lokacin. Na ce mata abin da ke ci mini rai shi ne duk cikinmu ita aka fi cuta: fuskarta ta tafi, saurayinta ya tafi, uwar kuma har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunanta ba. Rakiya ta girgiza kai.

"Ke kullum ana kiranki, Lantana zo, Lantana tafi, har ba ki jin sa. Ni sau ɗaya ta kira ni. Amma duk duniya ta ji. Kin san ina kwance a cinyarta, ƙurajen na fashewa, mutuwa na tsaye a kanmu, ni kuwa ina roƙon Allah kada ta daina?"

Wannan ita ce Habsu mai muciya. Yara su yi wasansu, ban hana ba, mushensu bai yi laifi ba. Mu ma wasa ne ya raya mu. Amma in za su yi ta, su zo in na fita takaba in nuna musu yadda aka yi, tun daga tabarma da dokin kara har zuwa gwiwar da ta lanƙwasa. Wadda za ta zama Inna ta sani ba dariya ake koya ba, tsoro ne.

Sa'a ta tsayar da alƙalami tana tambayata, wai shi ya sa ba ta taɓa jin na kira sunan babanta ba? Shi ya sa. Ɗan farina ne. Ga shi can da furfura a gemu, tun da na haife shi bakina bai kama sunansa ba, sai dai in ce a kira mini mai zaure. Na ga ranar da uwa ke kiran sunan ɗan farinta da ƙarfi. Roƙona kullum in na idar da salla, Allah ya ɗauke ni ban kira nasa ba.